Shin Ƙananan Kamfanoni Za Su Iya Haɗa Mota da Sito Ba Tare da An Ɓata Ba?

Tambayar ta zo ne daga wani mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa, Kano. Ya ce kayan da yake turawa Legas duk mako ba sa cika tirela, kuɗin mota na cinye ribarsa, kuma maƙwabtansa biyu suna fama da irin wannan matsala, ɗaya daga cikinsu ma abokin gogayyarsa ne a kasuwa. Yana so ya san ko haɗa mota da wurin ajiya zai yiwu, da yadda ake yi.

Alhaji, yana yiwuwa, kuma ana yi. Sai dai wuyar aikin ba a mota take ba. Mota kam ko gobe ka je tasha za ka samu. Abin da ke rusa irin wannan haɗaka abu huɗu ne: yadda za a raba kuɗi, kiyaye lokaci, wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace, da wanda zai ga sirrin kasuwar wani. In an daidaita waɗannan a rubuce kafin a ɗora buhu na farko, sauran aiki ne na yau da gobe.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba kowa ke kama hanyarsa shi kaɗai ba. Ayari ake yi, kowa da jakunansa da hajarsa, amma madugu ɗaya ne, shi ke tsara zango, shi ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa, shi ke raba gardama. A lura da kyau: ba haja suka haɗa ba, hanya suka haɗa. In an isa Salaga kowa cinikinsa yake yi. Yau ma manyan kamfanonin jiragen ruwa haka suke: Maersk da MSC sun yi shekaru suna ɗora kwantenonin juna a jiragensu har yarjejeniyarsu ta ƙare a farkon 2025, nan take kuma Maersk ya ƙulla wata da Hapag-Lloyd. Masu jirage ɗari-ɗari ma ba su yarda jirgi ya tashi rabi ba kaya ba, balle mai tan takwas.

Shawarata ita ce kada ku fara da abin da kuka tambaya. Ku fara da lodin dawowa, wato kayan da mota za ta ɗauko in ta juyo daga Legas, domin shi ya fi sauƙi kuma ribarsa ta fi fitowa fili.

Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne in an bi ta Mokwa da Jebba da Ilori, in an zaga ta Abuja da Lokoja kuwa ya fi haka. Tirela mai cikakken lodi tana shan abin da ya kai lita 35 zuwa 45 na man dizal a kowane kilomita 100, ya danganta da lafiyar inji da halin hanya. In ta juyo ba kaya, man da za ta sha ya fi rabin wancan, ga alawus ɗin direba da yaron mota, ga cin taya, ga kuɗaɗen da ake karɓa a hanya, duk suna nan. Mai mota ba zai yi asarar wannan ba. A cikin kuɗin da ya faɗa maka na zuwa ya cusa shi. Wato duk lokacin da ka yi shatar mota zuwa Legas ba tare da sanin abin da za ta ɗauko ba, kana biyan wani kaso na dawowarta. Direbobin shanu sun daɗe da gane wannan: su sauke dabbobi a Kudu, su ɗauko manja, goro, katako ko garin rogo. Amma su sa'a suke bi, su kwana biyu ko uku a tasha suna jiran ɗan kamasho. Ku abin da za ku yi shi ne ku nemi kamfani ɗaya da ke turo kaya Arewa a kai a kai, misali mai kawo sinadaran masana'anta ko kwalaye ko kayan masarufi zuwa kasuwar Singa, ku je wa mai mota da kwangilar zuwa da dawowa tare. Mai mota da ya san motarsa za ta yi sawu uku ko huɗu a wata, cike zuwa cike dawowa, zai sauko da farashi fiye da yadda ciniki a bakin tasha zai taɓa sauko da shi. A nan ba a cakuɗa kayan kowa da na kowa ba, kuma wanda kuka haɗa da shi ba abokin gogayya ba ne.

Inda wannan ke cijewa shi ne lokaci da tsabta. In motarku ta sauke ranar Talata, shi kuma kayansa ba za su fito daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ba sai Juma'a, wa zai biya kwanakin jira? Tun daga 2021 shiga tashoshin Apapa da Tin Can sai da izinin kira ta manhajar Eto ta hukumar tashoshin jiragen ruwa, don haka motar da ba a yi mata rajista a tsarin ba ba za ta shiga ɗaukar kaya kai tsaye ba. A tambayi mai mota wannan tun farko. Batun tsabta kuwa, motar da ta ɗauko taki ko maganin feshi ba a zuba mata riɗi ko wake sai an wanke ta, ta bushe, an shimfiɗa leda. Ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma mai sayen riɗi don fitarwa waje yana gwada kaya. A sa a yarjejeniya cewa direba zai faɗi abin da ya ɗauka a sawu biyu na baya.

Akwai wani nau'in lodin dawowa da ake yawan mantawa da shi: kwantena. Ɗan kasuwa ya yi odar kaya, an sauke a Kano, kwantenar ta koma Legas fanko. A daidai lokacin kuma wani a Dawanau yana loda riɗi ko zoɓo a buɗaɗɗiyar mota zuwa Legas don a zuba a wata kwantenar. In aka haɗa su biyun, an rage sawu guda cur. Amma kwantena ta kamfanin jirgi ce, ba ta mai kaya ba. Sai kamfanin ya amince a rubuce, ya ɗauke ta daga sunan mai shigo da kaya ya mayar sunan mai fitarwa. In ba haka ba, kuɗin jinkirin mayarwa zai ci gaba da hawa a kan na farko, kuɗin jinginar da ya ajiye wa kamfanin jirgi kuma ya maƙale. Tashoshin tsandauri, wato tashoshin kwantena na kan tudu, ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano, wadda aka buɗe a 2023, an yi su ne don irin wannan aiki.

To, mu zo ga haɗa kaya a mota ɗaya, wanda shi ne ainihin tambayarka.

Kuskuren farko shi ne raba kuɗi da nauyi kawai, ko da yawan katan. Mota tana cika ta hanya biyu: ko nauyi ya kai iyaka, ko fili ya ƙare. Tirelar da ake kira ta tan 30 ita ce mai ɗaukar buhun siminti 600 ko buhun masara mai kilo 100 guda 300, amma in biskit ko audugar jarirai ka zuba, za ta cika maƙil ba ta kai rabin nauyin ba. Don haka masu sufuri ke mayar da fili zuwa nauyi. A jigilar mota an saba ɗaukar mita kubik ɗaya, wato abin da masu odar kaya daga Sin ke kira CBM, a matsayin kilo 333. A auna kayan kowa ta fuska biyun, wanda ya fi yawa shi ake caji.

Ga misali, alƙaluman na ƙiyasi ne don a ga lissafin. A ce kuɗin mota naira miliyan 3.3 ne. Na farko yana da jarkokin man gyaɗa, tan 12, sun ci mita kubik 15. Na biyu katan-katan na biskit, tan 4, amma sun ci mita kubik 36. Na uku buhunan waken suya, tan 9, mita kubik 14. In da nauyi aka raba, jimilla tan 25 ne, kowane tan naira 132,000: mai biskit zai biya 528,000 alhali ya mamaye fiye da rabin filin da aka yi amfani da shi, mai mai kuma ya biya 1,584,000. Ba zai yi wata biyu yana haƙuri da wannan ba. In aka bi ƙa'idar fili, mita kubik 36 sau 333 ya ba da kusan tan 12. Lissafi ya zama 12 da 12 da 9, jimilla 33, kowane tan naira 100,000. Mai mai miliyan 1.2, mai biskit miliyan 1.2, mai waken suya 900,000.

Ba a gama ba. Sai a sake gwada sakamakon da tambaya ɗaya: nawa kowannensu zai biya da shi kaɗai ya tura? In mai waken suya yana da wata ƙaramar mota da ke kai masa a 850,000, haɗakar ta zame masa hasara, kuma ranar da ya fita kuɗin sauran biyun zai tashi. Gara a rage masa a ɗora wa waɗanda suka fi cin moriya. Wasu ma daga nan suke fara lissafi: a tara abin da kowa zai biya shi kaɗai, a cire kuɗin motar haɗaka, rarar a raba ta yadda kowa zai samu ragin kashi ɗaya cikin ɗari daidai da na ɗan'uwansa. Wannan ya fi kwantar da rai, amma yana buƙatar kowa ya faɗi gaskiyar abin da yake biya a da, kuma akwai mai ƙara gishiri. A nemi rasitan wata uku.

In wuraren saukewa sun bambanta, wani Ibadan wani Legas, a ninka tan da kilomita, sannan a sa wani tsayayyen kuɗi a kan kowace tsayawa ta ƙari. Wanda za a fara saukewa shi ake lodawa a ƙarshe. Wannan yana karo da wata ƙa'idar, cewa mai nauyi a ƙasa yake zama kuma a rarraba shi a kan gatarin tayoyi, kada ya taru a gaba ko baya. Wani lokaci dole a canza jerin tsayawa saboda lodi, ba lodi saboda tsayawa ba. Kuma a bi ta sikelin mota kafin a tashi. A haɗaka kowa yakan ɗan rage nauyin da ya faɗa, in an tara sai a tarar mota ta haura da tan uku ko huɗu, taya ta fashe a Tegina, kowa ya ce ba nasa ba ne.

Akwai kayan da ba sa zama tare ko da lissafi ya yi daɗi. Sabulu, omo da turare suna ba fulawa, ganyen shayi da madarar gari wari, ko a cikin kwali suke. Mai da duk wani abu mai ruwa ba ya hawa kan kwali. Jarka ɗaya ta tsage ta gama da layi guda. Albasa tana son iska, ba ta son rufi. A motar sanyi abin ya fi tsanani: daskararren kifi yana son digiri 18 ƙasa da sifiri, alluran rigakafi da yawancin magungunan sanyi 2 zuwa 8, tumatir kuwa wajen 10 zuwa 13, in ya yi sanyi fiye da haka ya lalace. Ayaba da tumatir masu nuna suna fitar da iskar da ke sa ganye ya yi rawaya. Kalmar "kayan sanyi" ba ta isa ta haɗa su a ɗaki ɗaya ba.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya fi kashe haɗaka fiye da kuɗi. Mota ta zo ƙarfe takwas, biyu sun shirya, na uku injinsa ya tsaya jiya da daddare saboda wuta. Maganinsa ranar tashi tsayayya, kamar kowace Litinin da Alhamis, da lokacin rufe karɓar kaya, misali ƙarfe huɗu na yammacin ranar da ta gabata. Wanda ya kama wuri bai kawo kaya ba, kuma bai sanar da awa 48 kafin lokaci ba, ya biya kuɗin wurinsa ko babban kaso daga ciki. In mota ta kwana a ƙofar wani saboda 'yan dakonsa ba su fito ba ko mai karɓar kayansa ya rufe shago, kuɗin kwanan nasa ne shi kaɗai. Wannan sharaɗi yana da ɗaci a faɗa tsakanin mutanen da ke sallah a sahu ɗaya, shi ya sa ake rubuta shi tun ana dariya.

Asara fa? Kowane mai kaya da tasa takardar rakiyar kaya, mai ɗauke da adadi, nauyi da ƙima. A ƙirga a gaban direba, ya sa hannu, a ɗauki hoto a tura zauren WhatsApp na haɗakar, a sa hatimi mai lamba a ƙofa, a kowace tsayawa a rubuta lambar da aka cire da wadda aka sa. A raba asara gida uku. Wadda ta fito daga ɗaurin kayan wani, kamar jarkar da ta zuba, mai jarkar ne zai biya. Wadda ta fito daga sakacin direba, kamar tamfol mai huda a damina, ta mai mota ce. Malaman Malikiyya ma sun daɗe da ɗora wa mai dakon kayan abinci lamunin abin da ya salwanta a hannunsa in ba shi da shaida. Ta uku ita ce haɗari, gobara ko fashi, kuma nan ne wurin inshorar kaya a hanya, ko takaful, wato inshorar Musulunci, ga wanda ya fi natsuwa da shi. A karanta takardar da kyau: wasu ba sa biya in an yi tafiyar dare, ko an yi lodi fiye da ƙima, ko ba a bayyana cewa kayan mutane da yawa ne a motar ba. Inshorar mota daban, ta kaya daban; da yawa sai bayan mota ta kife suke gane haka.

Game da abokin gogayyarka, tsoronka yana da tushe. Takardar kaya tana nuna sunan dilanka, yawan abin da yake ɗauka, wani lokaci har farashi. Direba da yaran mota kuma suna hira. Hanyar da aka gwada ta yi aiki ita ce a sa madugu a tsakani: mutum ko kamfanin sufuri da ba ya sayar da irin kayanku, kowa ya tura masa bayaninsa shi kaɗai, shi ya tsara lodi ya fitar wa kowa da lissafinsa. A Beljiyam, Nestlé da PepsiCo sun haɗa ajiya da rabon kayansu masu buƙatar sanyi a hannun kamfanin STEF, suka kuma sa wani amintacce na daban yana riƙe bayanai don kada ɗaya ya ga na ɗaya. A matakinku, akawu guda da kuke biya tare ya isa, a cire farashi daga takardar da ke bin mota, a sa lamba a madadin sunan dila in ana sauke kayan a wuri ɗaya. Kuma a tsaya a kan sufuri. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su tsayar da farashi ko su raba kasuwa a tsakaninsu. Zaman tsara mota ya rikiɗe ya zama zaman "kada kowa ya sayar ƙasa da kaza", an shiga wani abu daban.

Sito kuwa, ya fi riba tsakanin waɗanda lokutan cikarsu suka saɓa. Mai taki yana cika wuri daga bazara zuwa tsakiyar damina, mai hatsi daga kaka zuwa rani. A wanke, a bushe, a karɓa. Masu kaya iri ɗaya duk a lokaci ɗaya suke neman fili, kamar gabanin azumi, sai a yi ta tsuke. A shata ƙasa da fenti, a yi haya da yawan gurbi, ba da "ɓangaren can" ba. Katakon ɗora kaya da aka fi amfani da shi mita 1.2 ne a mita 1, shi ne ma'auni mai sauƙi: gurbi kaza a wata, naira kaza. A bar tazara tsakanin kaya da bango yadda mutum zai zaga ya duba. Mai kula da sito ɗaya ne, kowane tari da katinsa, a yi ƙirga tare duk ƙarshen wata. Ga masu hatsi, a gwada danshi a ƙofa, masarar da ta haura kashi 13 cikin 100 kada ta shiga, haka buhun da aka ga ƙwaro a ciki, domin ƙwaro bai san fentin da aka shata ba. Turaren kashe ƙwari kuma yana buƙatar a rufe kaya ruf na kusan mako guda, ba mai shiga. In ba a tsara ranar tare ba, za a kulle kayan wani a ranar da ya yi alkawarin lodi.

Abin da ba na ba da shawararsa a shekarar farko shi ne ku haɗa kuɗi ku sayi tirela. Motar taro kowa yana son ta yi masa aiki, ba mai son ranar gareji ta faɗo a kan sawunsa, juyen mai da sauya taya su yi ta jinkiri har inji ya buga. Ku yi haya tukuna. In bayan shekara alƙaluma sun nuna motar tana cika zuwa da dawowa, sai a yi rajistar kamfani na daban mai asusunsa, yana cajin kowannenku kuɗin mota kamar baƙo, yana ware kuɗin gyara daga kowane sawu.

Ku uku kun isa farawa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ku ɗauki hanya ɗaya, Kano zuwa Legas, ku yi gwajin wata uku. Kafin sawun farko kowa ya kawo bayanin watanni shida da suka wuce: ranar da ya tura kaya, tan nawa, fili nawa, ina aka sauke, nawa ya biya. In aka jera su a takarda ɗaya za a ga ko ranakunku suna haɗuwa, domin wani lokaci a baki kamar za a cika mota, a takarda kuwa sai a ga ɗaya farkon wata yake lodi, ɗaya ƙarshensa. A lokacin gwajin a riƙa rubuta abu huɗu a kowane sawu: yadda mota ta cika, kuɗin tan ɗaya, kwanakin da kaya suka yi kafin su isa, da abin da ya lalace. Kowa ya ajiye kuɗin sawu ɗaya a asusun haɗaka tun farko, don a sallami mai mota a kan lokaci ko da wani ya makara da biya, kuma wanda zai fita ya ba da sanarwar kwana 30, a cire bashin da ke kansa daga ajiyarsa a miƙa masa ragowar.